Yadda muka kafa reshen ƙungiyar ƙwadago a kamfaninmu har muka zauna da manaja kan albashi

Ni injin saƙa buhu nake kula da shi a wani kamfani can ɓangaren masana'antu wajen Kakuri a Kaduna, ba zan kama suna ba dan har gobe a nan nake cin abinci kuma ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Buhun roba muke yi, irin wanda ake zuba masara da taki da abincin kaji. Akwai babban inji da yake narka ƙwayar roba ya yayyanka ta siri-siri ta zama zare a naɗe a kwarkwaro, sai a kawo mana mu 'yan saƙa, daga wajenmu ya wuce wajen masu yanka da ɗinki waɗanda yawancinsu mata ne, sai masu buga tambari da masu ɗaure dila. Shif biyu ake yi, awa 12 kowanne, kuma fiye da rabinmu kazuwal ne, ba kamfani ne ya ɗauke su kai tsaye ba, wani ɗan kwangila ne yake kawo su ya yanki nashi kason kafin kuɗi ya iso hannunsu.

Tura ta fara kaiwa bango ne tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ni daga Rigasa nake tasowa, sai na shiga keke na sauka na sake shiga bas kafin na tsallaka gada, kuɗin mota kaɗai ya koma yana cinye babban kaso na abun da nake karɓa, ga mudun shinkafa da na masara kullum da sabon farashi. Duk wannan lokacin muna bin labari a rediyo, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC ta Joe Ajaero da TUC ta Festus Osifo, suka fara da neman naira 615,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, gwamnati tace 48,000, aka yi ta ja-in-ja har ranar 3 ga Yuni 2024 aka kashe wutar ƙasar gaba ɗaya saboda yajin aiki, daga ƙarshe aka tsaya a 70,000 Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga Yuli. Gwamna Uba Sani ma ya sanar da 72,000 ga ma'aikatan jiha daga watan Nuwamba. Mu kuwa alat ya shigo yadda ya saba shigowa, ko sisi ba a ƙara ba. Da wani yaro a ɓangaren dila ya tambayi safabaiza sai yace masa wai wannan doka ta ma'aikatan gwamnati ce, kamfani mai zaman kansa ba ruwansa, in bai gamsu ba ga get nan a buɗe.

Wanda ya fara wayar mana da kai wani dattijo ne da muke ce wa Baba, shi ne babban makanikin injinan saƙa, ya yi shekaru a ɗaya daga cikin manyan masaƙun Kakuri kafin a rufe ta kuma har yau bai ga kuɗin sallamarsa ba. A rumfar mai shayi na same shi na faɗa masa abun da safabaiza yace. Yace "ɗana, ba haka bane. Dokar ta hau kan duk wanda yake da ma'aikata 25 zuwa sama, gwamnati ne ko ɗan kasuwa. Amma doka ba ta da ƙafa, ba za ta tako ta shigo get ɗin nan da kanta ba sai an ɗauko ta." Nace Baba to wa zai ɗauko ta, yace ku mana, amma ba ɗai-ɗai ba, duk wanda ya je shi kaɗai kafin la'asar an miƙa masa takardar sallama.

Shi ya haɗa mu da wani kwamared a ofishin jiha na ƙungiyar da take kula da irin masana'antarmu, mu uku muka je ranar hutunmu. Abu na farko da ya bayyana mana shine ba sabuwar ƙungiya za mu yi wa rajista ba, tun 1978 shekarar da aka kafa NLC aka harhaɗa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi aka mayar da su 42 bisa irin sana'a, dan haka mu reshe kawai za mu buɗe a ƙarƙashin uwar ƙungiya. Ya buɗe mana tsarin mulki sashe na 40 da ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, ya buɗe dokar ƙwadago inda sashe na 9 ya hana a kori mutum dan ya shiga ƙungiya, da sashe na 7 da yace cikin wata 3 da fara aiki dole a ba ka takarda a rubuce mai bayanin aikinka da albashinka. Wallahi a wajen nan jikina ya yi sanyi, dan akwai waɗanda suka shekara biyar a ɗakin ɗinki ba su taɓa riƙe ko falle ɗaya mai ɗauke da sunansu da na kamfani ba. Sannan yace tun gyaran dokar da aka yi a 2005 zamanin Obasanjo shiga ƙungiya ganin dama ne, kowa sai ya cika fom ya sa hannu da kansa ya yarda a riƙa cire masa kuɗin ƙungiya daga albashi, ba a sa wa wani hannu ba a tilasta kowa. Ya ja mana kunne sosai, yace kar a cika fom ko ɗaya a cikin harabar kamfani ko a lokacin aiki, kuma daga yau ku ukun nan kar wanda ya makara ko na minti biyar, dan abun kamawa za a fara nema a kanku.

Tara sa hannun nan shi ne ya fi komai wahala, ya fi zaman da manaja wahala nesa ba kusa ba. Tsoro dai an san da shi, mutum yana da iyali da kuɗin haya, za ka fahimce shi. Amma akwai waɗanda ba tsoro bane, su gaba ɗaya basu yarda da ƙungiya ba, kuma ba wawaye bane. Akwai wani babban ɗan saƙa da ya girme ni a aiki, hannunsa yana da kyau sosai a kan inji, yace min "Malam, ka leƙa ka ga kangon masaƙun can, ciyawa ta cinye su. Ƙungiya ce ta yi ta tayar da jijiyar wuya har masu kuɗi suka kwashe kayansu suka gudu. Kuma in aka kafa ta, malalaci da mai ƙwazo kuɗinsu ɗaya, ni da nake kula da inji huɗu za a haɗa ni da wanda biyu ma sun gagare shi." Ya kuma tuna min yajin aikin Mayu 2021 lokacin da Ayuba Wabba ya zo Kaduna suka kara da El-Rufai kan korar ma'aikata, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya, bankuna suka rufe, kwana uku aka yi kafin a janye, yace a kwanakin nan kazuwal ɗinmu ko kwabo ba a biya su ba, wa ya tuna da su?

Wannan maganar ta ƙarshe gaskiya ce kuma ban musa masa ba. Amma ta masaƙu sai na kai shi wajen Baba, dan shi ya ga abun da idonsa. Baba yace an buɗe Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, daga baya masaƙun Arewa Textiles da UNTL da sauransu suka biyo, shekara da shekaru da ƙungiya a cikinsu suna shif uku dare da rana, a Arewa Textiles ɗin ma Adams Oshiomhole ya taso har ya zama shugaban NLC a 1999, duk tsawon lokacin nan me ya hana ƙungiya ta kashe su? Yace abun da ya kashe su atamfar fasa-ƙwauri ce daga China da take shigowa ta iyakokin Nijar da Benin ana saida ta ƙasa da kuɗin da muke kashewa wajen saƙa tamu, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai na tukunyar tururi, ga noman auduga da ya ja baya, haka Kaduna Textiles ta rufe a 2002 UNTL ta biyo a 2007. Yace "a shekarun ƙarshe mu da kanmu muka yarda aka riƙa jinkirta mana haƙƙinmu dan kar a rufe, kuma aka rufe ɗin." Mutumin nan bai sa hannu a ranar ba, sai can daga baya, amma maganarsa ta malalaci da mai ƙwazo ta zauna min a rai kuma ita ce ta taimake mu a gaba.

Wani abu kuma da duk ɗan Kaduna ya sani, tun rikicin 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, mu Musulmi muna tsallaken kogi ta arewa su Kirista suna ta kudu, a kamfani ne kaɗai muke haɗuwa mu ci abinci a kwano ɗaya. Ba a jima ba aka fara yaɗa cewa wai ƙungiyar ta Hausawa ce za su mamaye muƙamai, a ɗaya ɓangaren kuma ana cewa ta 'yan coci ce. Wadda ta kashe wannan wutar wata mata ce da muke ce wa Mama, daga Nasarawa take zuwa, ita ce babba a ɗakin ɗinki. Ita tace a riƙa yin mitin ranar Asabar da yamma dan kar ya ci Juma'ar wani ko Lahadin wani, kuma in Musulmi ya buɗe da addu'a Kirista ya rufe. Mata ne ma suka riga maza sa hannu, saboda akwai wata yarinya a cikinsu da wuƙar injin yanka ta cire mata kan yatsa, aka kai ta kemis aka ɗaure aka ce ta huta a gida, hutun kuma ba biya. Da kwamared ya faɗa masu akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda tace kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF dan irin wannan ranar, a zaman nan fom ya ƙare sai da aka sake bugo wasu.

Da muka haura rabi da kyau uwar ƙungiya ta rubuta wa kamfani wasiƙa tana sanar da shi tare da neman ranar ƙaddamar da reshe. Abun da kwamared ya faɗa kuwa shi ya faru. Ɗaya daga cikin mu ukun aka ba shi takardar tuhuma wai ya bar inji ya je fitsari ba izini, kafin sati ya zagayo an sallame shi, ni kuma aka mayar da ni shif ɗin dare ba juyi. Mutane suka tsorata, wasu suka zo suna cewa a basu fom ɗinsu. A nan ne uwar ƙungiya ta kai ƙorafi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kaduna, aka aiko wa kamfani takardar gayyata. Manaja ya zo da lauya, mu muka zo da fom ɗinmu a cikin jakar leda. Jami'in ya bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da jerin sunayen masu karɓar albashi, ya karanta wa kowa sashen da ya hana kora saboda ƙungiya, yace in ba a daidaita a nan ba hanya ta miƙe zuwa kotun ma'aikata. Lauyan da kansa ya ja manaja gefe suka yi ƙus-ƙus. Aka dawo da ɗan'uwanmu bakin aiki, kamfani ya amince da reshe, amma suka kafe cewa kazuwal ba ma'aikatansu bane na ɗan kwangila ne, wannan aka bar shi sai teburin tattaunawa.

Zaɓe bai ɗau lokaci ba, aka zaɓi ciyaman daga ɓangaren injin narka roba, Mama ta zama ma'aji, ni aka ba ni sakatare.

Toh sai shirin zama kan albashi. Mu da farko abun da ke bakin kowa shine yunwa da kuɗin mota da kuɗin makaranta. Kwamared yace duk gaskiya ne amma manaja ya san wannan tun kafin ku faɗa, shi da lissafi zai zo, zai ce ba kwa fitar da aikin da ya kai kuɗin da kuke nema, me za ku ce masa? Sai Baba ya kawo shawara, yace a sayi ƙananan littattafan rubutu irin na 'yan firamare a ba kowane mai kula da inji, duk lokacin da inji ya tsaya ya rubuta ƙarfe nawa ya tsaya, me ya tsayar da shi, ƙarfe nawa ya tashi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ya faɗa wa na kusa da shi. Kuma yace a rubuta gaskiya, in kai ne ka tafi hira ko ka makara daga sallah ka rubuta, dan in aka kama ƙarya ɗaya duk littattafan sun zama shara. Haka muka yi ta yi, ni nake tattarawa duk ƙarshen sati ina haɗa lissafi a gida da fitilar waya.

Ranar zama manaja ya zo da akanta da takardu, kuma ni dai zan faɗi tsakani da Allah mutumin nan bai yi ƙarya ba. Yace a Afrilu 2024 an mayar da kuɗin wutar layin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit daga wajen 68, litar gas ɗin jannareto ta haura 1,000, dala da take wajen 460 kafin a saki naira a Yuni 2023 ta wuce 1,500 kuma farashin ƙwayar roba dala yake bi, ga mai sayen buhu in ya samu ragin naira biyar a wani kamfani a Kano ko Legas ya tafi kenan. Yace "ni ba ƙin ku nake ba, amma in na ɗaga albashi yadda kuke so dole na rage mutane, dan abun da kowane mutum yake fitarwa a shif ya yi ƙasa, sharar zare ta yi yawa, ku fara gyara aikinku tukuna." Ciyaman yace ranka ya daɗe mun ji, kuma mun yarda aiki ya yi ƙasa, a ba sakatare dama ya faɗi inda yake zuba.

Na buɗe lissafin. Abun da ya fi cin lokaci ba hira bace ba waya bace, jiran kayan gyara ne. Ƙaramin ƙarfe ko bel zai lalace, Baba ya san gyaran minti ashirin ne, amma babu shi a sito, sai an rubuta takarda ta je ofis, ofis ya jira mai kamfani ya amince ta waya shi kuma yana Abuja ko ya yi tafiya, inji yana tsaye kwana da kwanaki mai kula da shi yana zaune ana rubuta masa cewa bai fitar da komai ba. Na biyu ɗauke wuta, in Nepa ta ɗauke kafin a tayar da jannareto a juya layi roba ta fara sanƙarewa a cikin babban inji, sai an sake zafafa shi an zubar da wadda ta lalace, kuma dalilin jinkirin shine mutum ɗaya ne yake da makullin ɗakin jannareto da dare, shi ne kuma ake aika wasu wuraren. Na uku shi ne ya fi min ciwo, sababbin hannu. Mutum sai ya yi watanni kafin ya iya jin ƙarar inji ya gane zare zai tsinke, ya iya canza kwarkwaro ba tare da ya bar rami a jikin buhu ba, toh da ya ƙware sai ya lissafa ya ga wanda yake jan keke Napep a Kawo ya fi shi samu, ya ajiye ya tafi, ɗan kwangila ya kawo wani ɗanye a fara daga farko. Littattafan sun nuna ƙarara injinan da sababbi suke kai su suka fi fitar da shara. Sai kuma masu haɗa shif biyu a jere dan obataim, awa 24 a tsaye, daga wajen ƙarfe uku na dare aikinsu rabi buhu rabi shara. Na karanta namu laifin ma, makara bayan hutun cin abinci da latsa waya a bakin inji, akwai shi, ban ɓoye ba, amma bai kama ƙafar sauran ba.

Manaja ya yi shiru yana jujjuya littafin wani yaro da aka rubuta da ajami, sai yace me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa min maganar makullin nan. Mama tace "ranka ya daɗe wa zai faɗa? Wanda ya tambayi albashi an nuna masa get, wa zai zo yace maka tsarinka ne ba daidai ba?" Ni a ganina duk muhawarar da ake yi a kan ƙungiya tana rage aiki ko tana ƙara shi a nan take. Mu da muke tsaye a bakin inji mun san inda kuɗin kamfani yake tsiyaya tun da daɗewa, kowa ya sani har mai shara, amma mutumin da ba shi da takarda kuma ana iya korarsa da baki ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, zai yi shiru ya karɓi ɗan abun da aka ba shi ya fara neman wani wajen.

Duk da haka ba a daidaita a ranar ba. Sun yarda da 70,000 ga na ƙasa tunda doka ce, amma suka ce waɗanda suke sama da haka ba ƙari, kenan wanda ya shekara goma da wanda ya zo jiya za su zama kusan ɗaya, daidai abun da mutumin can ya ji tsoro. Maganar kazuwal kuma suka ce babu ita. Da muka kai wa mutane rahoto wuri ya ɗau zafi, matasa suna cewa a rufe get gobe da safe. Kwamared ya tsaya ya yi bayani cewa yajin aiki yana da matakai, sai an kaɗa ƙuri'a mafi rinjaye sun amince, sai an bi hanyar sulhu an ba da sanarwa, kuma dokar rikicin ma'aikata sashe na 43 ta ba kamfani dama ya ƙi biyan kwanakin da ba a yi aiki ba. Ni na goyi bayan kar a rufe get, ba dan tsoro ba, dan na san kazuwal ne za su fara kwana da yunwa kuma lokacin kaka ne, in masu sayen buhu suka koma wani wajen ba lallai su dawo ba, mu ne a ciki. Aka kaɗa ƙuri'a aka tsaya kan cewa kowa zai yi awa 12 ɗinsa cif amma ba mai ƙara ko minti ɗaya na obataim, aka kuma rubuta sanarwa cewa in ba a koma tebur ba mataki na gaba yana zuwa. A kaka kamfanin buhu da obataim yake rayuwa, motoci suka fara layi a bakin get suna jiran kaya, sai ga mai kamfani ya zo da kansa.

Alhaji ya fi manaja saurin fahimta, ko dan kuɗinsa ne. Littattafan ya fara nema. A zaman nan aka amince na ƙasa 70,000, na sama a yi masu ƙari gwargwadon daɗewa da adadin injin da mutum yake riƙewa, ba yawa amma akwai bambanci. Duk kazuwal da ya wuce shekara ana mayar da shi cikakken ma'aikaci kashi-kashi, da takarda da fansho, kamfani kashi 10 ma'aikaci kashi 8 yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara. An ba Baba da mai sito ikon sayen ƙananan kayan gyara zuwa wani adadi ba sai an jira waya ba, an yanka makulli na biyu, an hana haɗa shif biyu a jere. Sannan in sharar wata ta sauka ƙasa da ma'aunin da aka yanka, ana raba wani kaso na abun da aka tsira da shi ga shif ɗin da ya yi ƙoƙarin. Mu kuma muka yarda da na'urar dangwala yatsa a get, da ajiye waya a loka, da cewa ƙungiya ba za ta tsaya wa mai fashin aiki ba dalili ba. Aka sa hannu aka kai kwafi ma'aikatar ƙwadago.

Wannan ɓangaren namu ya jawo min baƙin jini ba kaɗan ba, har ana cewa an saye mu. Da aka kama wani yana barci a bayan dila da dare injinansa suna ta saƙa shara, ya zo yace ƙungiya ta shiga masa. Na raka shi zaman ladabtarwa, na tabbatar an ji ta bakinsa, na roƙa aka mayar da kora ta zama dakatarwa tunda karon farko ne kuma matarsa ce take kwance a asibiti yake kwana wajenta da rana, amma ban ce bai yi laifi ba dan ya yi, kuma alawus ɗin shif ɗinsu gaba ɗaya ya taɓa. Har yau ba ya gaishe ni da kyau. Kuɗin ƙungiya ma da ake cirewa mutane suna tambaya ina yake zuwa, kuma suna da gaskiya su tambaya, shi ya sa Mama take manna lissafin kason reshe a allon sanarwa duk wata.

Yanzu dai shara ta ragu, an karɓi alawus ɗin ba sau ɗaya ba, kuma tafiyar ƙwararrun hannu ta yi sauƙi, mutumin da yace ƙungiya ce ta kashe masaƙu shi ne wakilin 'yan saƙa a kwamitin da muke zama da manaja duk wata. Amma 70,000 ɗin nan kowa ya san ba ta kai mai iyali ƙarshen wata a Kaduna, sabuwar doka tace duk shekara 3 za a sake duba mafi ƙarancin albashi maimakon 5, kenan sai 2027, mu kuma yarjejeniyarmu ba za ta jira har can ba. Kashi na biyu na kazuwal da ya kamata a ba takarda har yanzu ana ta jan ƙafa, ɗan kwangilar ya fara dabarar sallamar yara kafin su cika shekara ya dawo da su da sabon suna, mun tattara sunayensu da ranar da kowa ya fara aiki. Shi ne abu na farko a zaman wata mai zuwa, sai maganar motar ɗaukar ma'aikata daga Rigasa da Tudun Wada da Sabon Tasha, da kuma takardun diyyar yarinyar nan mai yatsa da muka cika muka miƙa muna jiran amsa.